A binciki tarihin Biden kafin a yabe shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili. Jiya a teburin mai shayi nan Tudun Wada samari sai yabon tsohon shugaban Amurka Joe Biden suke, wai masoyin baƙar fata ne tunda ya yi wa Obama mataimaki, wallahi abin ya tsaya min a rai har na kasa shanye shayina.

Ai yana sanata aka yi dokar ƙwaya ta 1986 kuma da hannunsa a ciki, a wancan lokacin giram 5 na hodar iblis ta dunƙule, wadda talakawa ke sha, shekara 5 ne a gidan yari, amma ta gari ta masu kuɗi sai ta kai giram 500 kafin a yanke wannan hukuncin, kuma yawancin waɗanda abin ya rutsa da su baƙaƙe ne, yara ƙanana an raba su da iyayensu mata. Sai kuma dokar laifuka ta 1994 da ya jagoranta, aka zuba kuɗi wajen ƙara gina gidajen yari.

A 2019 ya yarda cewa bambancin hukuncin nan kuskure ne. To shekarun mutanen nan fa, wa zai biya su?

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya