Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ke sayar mana da injinan milin a Gombe

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa, ƙorafinmu a kan sabis ɗin da ma'aikatanku ke yi wa hanyoyin zamiya na injin milin (injin sassaƙar ƙarfe) ne, wato inda sassansa ke zamewa a kai: na tebur, na sirdi da ke ɗauke da tebur, da na gwiwa da ke ɗauke da sirdi.

Giris suke ɗura musu. Kan nonon ɗura mai da ke jikin sirdin ya yi kama da na giris, amma na mai ne. Giris yana toshe ƙananan ramukan da mai ke bi, ya riƙe ɓarɓashin ƙarfe, ga kuma ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan suka haɗu, sai su zama tamkar dutsen wasa wuƙa, su cinye zanen da aka kankare don riƙe mai a jikin hanyar. Abin da ya dace shi ne man zamiya mai kaurin ISO 68, irin su Mobil Vactra 2, wanda yake manne wa ƙarfe ko a hanyar gwiwa da take tsaye. Ba baƙin man mota ba.

Sai batun gib, siririn ƙarfen nan mai kauri a kai ɗaya, da ake matsewa da sukuru don kada tebur ya yi wasa a kan hanyarsa. Ba da ƙarfin damtse ake ɗaure shi ba. A saki makullan tebur, a wanke hanya da kananzir, a sa mai, a kafa agogon awo, a tura tebur da hannu a jawo shi. Ana juya sukurun kaɗan-kaɗan har wasan ya dawo wajen milimita 0.02 zuwa 0.03. Kuma tsakiya ce ta fi cinyewa, don nan ake yawan aiki. Yaranku a nan suke matsewa, shi ya sa tebur ke ƙagewa idan ya kai ƙarshe, nauyin ya koma kan sukurun tuƙi da notinsa na tagulla. Gib ɗin da sukurunsa ya ƙure kuwa, shim, wato siririn fallen ƙarfe na ciko, yake buƙata a bayansa ko sabon gib da aka kankare daidai da injin.

Muna neman ku turo wanda zai kwance sirdunan da aka ɗura wa giris, ya buɗe ramukan mai, kuɗin aikin a wuyanku. Ku kuma kawo gib da soson share hanya shagonku na Gombe, mu daina jiran saƙo daga Kano ko Legas.

Naku,
Masu sana'ar injin ƙarfe, Gombe