Ya ce gidan ɗan'uwansa ne, alhali da kuɗina na saye shi

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya saka maka da alheri bisa wanga shiri. Don Allah ka sakaya sunana, waɗanda zan yi magana kansu suna sauraren rediyo, kuma mutane ne masu ɗaukar zance su ƙara mai gishiri.

Tun shekaranjiya ban runtsa ba. Da la'asar sakaliya, a bakin ƙofar gidan da na saya da kuɗina, ɗan hayata ya dube ni gaban maƙwabta ya ce, "Hajiya, ki bar ɗaga mini murya, nan gidan ɗan'uwana ne." Yara na tsaye, mai garuwa ya aje kurarsa yana kallo. Ni da ko marigayi bai taɓa yi wa tsawa gaban mutane ba.

Bari in faro daga tushe don ka gane. Maigidana ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Anka raba gado gaban malamai, ba a ɓoye ba, ni da abokiyar zamana munka raba tumunin takaba biyu, kowa ta ɗauki nata. Abin da ya zo hannuna bai isa ya sayi ko kango ba. Sai na haɗa da sarƙata da awarwaro na gwal da nake ajiya tun ina amarya, na sayar da gonar da na gada wajen mahaifina can Bodinga, na kwashi adashi na zuba. A 2022 dillali ya samo mini gida a Mabera, ciki da falo uku da ɗaki guda a zaure. Na biya shi la'adarsa cif, mai unguwa da shaidu sunka sa hannu a takardar ciniki, sunana ne a kai. Ba dangin miji ko ɗaya da ya ba ni sisin kwabo, ko rakiyar ganin gidan ba su yi mini ba.

Ni dai tunanina shi ne, mace mai marayu ta samu abin da zai riƙa shigo mata duk shekara, kuɗin makaranta da na hatsi, ba sai ta je ƙofar wani ba. Kowa cewa yake gida ba ya faɗuwa, ƙasa ba ta ruɓewa. Ba wanda ya ce mini gidan haya ci yake kafin ya ciyar da kai. Damina ta farko silin ya jiƙe ya rufto a sashe guda, ruwa kuma ya shigo ta ƙofa, kowa ya san Mabera in ruwa ya sauka. Na canza kwano, na sa birkila ya ɗaga dokin ƙofa ya sake shafen gindin bango. Sai anka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai ya tashi, farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Kuɗin hayar shekarar farko kaf a gyara sunka tafi, ko atamfa ban ɗinka da su ba.

Shi wanga mutum ban san shi a matsayin ɗan haya ba, baffan yarana ne ya kawo shi, wai taubashin marigayi ne, an tashe shi daga inda yake a Runjin Sambo, yana da iyali, in taimaka. Yanzu nake tambayar kaina me ya sa anka tashe shi can. Sauran suna biyan 150,000 a shekara, shi na bar masa 120,000 don zumunci. Ba mu rubuta komai ba. Malam, wace mace ce za ta ce wa dangin mijinta su sa hannu a takarda, kabarin ɗan'uwansu bai bushe ba? Da sun ce na raina su. Shekarar farko ya biya. Ta biyu ya kawo rabi ya ce kasuwa ta tsaya. Bana ko gaisuwa ban samu ba, in na kira wayarsa sai matarsa ta ɗauka ta ce ya fita.

Kasuwa ta tsaya, amma raguna uku ya turke a tsakar gida yana jiran layya, duk gidan warin fitsari, dusa ta toshe kwata. Firiza biyu ya sa, da zafin nan na bazara matarsa ke sayar da ƙanƙara da zoɓo har daga wata unguwa ake zuwa saye. Mita kuwa ɗaya ce a gidan, da an sa kati kwana kaɗan ya ƙare, in an zo karo-karo ya ce daidai da kowa zai bayar. Sokawe ya cika, ni na kira mota ta kwashe. Abin da ya fi ƙona mini rai, ashe falonsa ya zuba wa ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha su biyu, yana karɓar kuɗi a hannunsu. Haya cikin haya, a gidana, ni ban gani ba.

Ina da wata 'yar haya ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa na Danfodiyo, baiwar Allah, kafin lokacinta ya cika take turo kuɗi. Ita ce ta zo har gida ta ce in ba a yi wani abu ba za ta nemi wani wuri. Shi ya sa na kira mai gyaran wuta ya cire layin sashensa. Ban taɓa masa kaya ba, ban zage shi ba, wutar da ba ya biya kawai na raba shi da ita, kuma sai da na aika masa tukuna. A kan wannan ne ya tara mini jama'a, wai ƙanƙararsa ta narke in biya shi.

Na je wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri, gida ɗaya ne. Yayana ya ce in sa kafinta ya ɓalle ƙofar ko ya yaye kwanon sashen, ɗan hayar da kansa zai kwashe kayansa. Ɗan maƙwabciyata da ya karanta lauya ya ce kul, in na yi haka ni doka za ta kama. Wai mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida a rubuce, in ya ƙare a ƙara masa na kwana bakwai, sannan a je kotu, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Har wutar ma ya ce in mayar. Wata shida, Malam! Yana zaune kyauta yana kiwon raguna. Malaminmu na Islamiyya kuma ya karanto mini aya ta 280 a Suratul Baƙara, cewa a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Na yarda da faɗar Allah, amma mai firiza biyu yana cikin ƙunci?

Maganar "gidan ɗan'uwana" ita ke hana ni barci, don na san ba shi ya ƙago ta ba, akwai inda ake zama ana yin ta. Gaskiya ne lokacin ciniki kuɗina sun gaza, na cika da wani abu daga rabon yarana. Ba yawa ba ne, kuma don su na yi, da na bar shi a banki da yanzu me zai saya? Baffansu ya sani, a lokacin bai ce uffan ba. Ga shi har yau ban yi takardar mallaka ta gwamnati ba, ta cinikin nan ce kawai a hannuna. Za su iya tsayawa kan wannan su ce gidan gado ne?

To ina zan nufa, gaban alƙali ko kotun majistare, tunda ba mu da rubutu sai shaidar turo kuɗi ta waya? Ko in sayar da gidan in huta, in sayi fuloti wajen Dundaye in yi wa ɗaliban jami'a ɗakuna, waɗanda ba ruwana da danginsu? Wata ta ce in ƙara wa sauran kuɗi in cike giɓin, amma me sunka yi mini?

Kuma Malam, 'yata ta fari an sa ranarta bayan babbar Salla, baffan nan nasu shi ne waliyyinta. Jiya matarsa ta aiko a gaya mini wai ya ji abin da na yi wa ɗan'uwansa, yana nan yana kallona. In na kai taubashinsa ƙara ya ce ba zai ba da auren ba, ya zan yi da yarinyar nan? Don Allah ka amsa mini a shirin mako mai zuwa.

Wassalam, daga wata uwar marayu a Sakkwato.