Edita, a ba yara rabin shafi mana kamar yadda jaridar Holand ta yi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Dan Allah a ɗan sammin fili in yi wani ƙorafi, duk jaridar nan taku daga bangon farko har na ƙarshe siyasa ce da kasuwanci da ƙwallo, babu ko lungu ɗaya da yaro ɗan aji uku zai buɗe ya ce wannan nawa ne.

Mu nan Kaduna in aka ce Holand abin da ke zuwa mana a rai atamfa ce, super ɗin da ake rigima a kanta wajen haɗa lefe, sai madarar Peak, sai kuma ƴan ƙwallo masu riga ruwan lemo. To amma akwai abin da mutanen nan suka yi wa yaransu wanda wallahi ya fi atamfar burge ni, kuma a jarida ya fara, shi ya sa na kawo maganar gabanka.

Daga 1952 zuwa 1957 wata jarida a Amsterdam mai suna Het Parool duk sati tana buga ɗan gajeren labarin wasu yara biyu maƙwabta, Jip namiji da Janneke mace. Annie M.G. Schmidt ce ke rubutawa, Fiep Westendorp tana zanawa. Babu aljani babu sarki babu dodo a ciki fa, yara ne kawai da suka haɗu ta wata kafa a jikin shingen gidajensu, yau su yi wasan gida gobe su yi faɗa jibi su shirya, ga karensu Takkie ga kyanwa Siepie. Zanen ma baƙi ƙirin ne kamar inuwa saboda shi ne ke fita tas a takardar jarida ta lokacin, kaga ke nan rashin kuɗin buga kala ba hujja ba ce. Daga baya aka tattara su aka yi littattafai, har yau iyaye na karanta wa yara kafin barci, kuma sauƙin harshen ya shahara har ta kai in ɗan siyasa ya cika dogon turanci a can sai a ce masa ya yi magana da yaren Jip da Janneke. Mu ma da za mu samu irin wannan da mun huta da wasu.

Kuma ba su tsaya nan ba, tun 1955 duk watan Oktoba suna da makon littattafan yara, makarantu da shagunan littafi da laburare duk su ɗauka. A wannan shekarar dai Dick Bruna ya fito da ƴar zomon nan Nijntje da duniya ta sani da Miffy.

Wani abin dariya, labarin yaron da ya toshe ɓular madatsar ruwa da yatsa ya kwana a wurin ya ceci gari, wanda kowa ke ɗauka nasu ne, wata Ba'amurkiya ce Mary Mapes Dodge ta sa shi a littafinta a 1865 alhali lokacin ko ƙasar ba ta taɓa takawa ba. Baƙi suka yi ta tambayar ina wurin yake har sai da aka kafa gunkin yaron a Spaarndam a 1950. In ba ka rubuta wa yaranka labarinsu ba wani zai rubuta ya kawo maka, haka littattafan da ke ajina suke, yaro ɗan Rigasa yana karanta labarin dusar ƙanƙara.

Ba wai komai nasu nake cewa mu kwaso ba. Bikin Sinterklaas da suke yi 5 ga Disamba akwai al'adar shafa baƙin fenti a fuska da sunan Zwarte Piet, wannan kam cin fuska ne gare mu baƙar fata, su kansu sun yi ta rigima a kai har da yawa sun daina.

Suna da karin magana wai sai ɗan maraƙi ya nutse ake cike rijiya, ihu bayan hari ke nan a wajenmu. Ni ina koyarwa a firamare kuma ina gani da idona, yaro zai yi maka Hausa rangaɗau amma ka miƙa masa takarda ya karanta sai ya tsaya yana in-ina, ƙ da k duk ɗaya ne a wurinsa, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa waya ta riga ta kore ta daga tsakar gida.

Abin da nake roƙo rabin shafi ne kacal ranar Asabar, labari gajere da Hausa mai sauƙi kan yaran da ke zuwa Islamiyya da tallan gyaɗa da kallon jirgin ƙasa, da zane ko baƙi da fari ne, a ɗan ba marubuci da mai zanen na goro kar a ce su yi don Allah. In kun amince ni da wasu abokan aikina za mu fara turo muku na wata guda ku duba.

Taku,
Wata malamar firamare, Tudun Wada, Kaduna