Kawuna yana so in goge wani sakin layi a shafin kamfaninsa na Wikipedia

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da duk masu taya ka wannan shiri. Ina roƙon a sakaya sunana. Matsalata ba irin wadda aka saba kawo maka ba ce, ba ta aure ba ce kuma ba ta gado ba, amma akwai zumunci a cikinta, akwai amana, akwai kuma kuɗi, shi ya sa na ga gabanka ya dace in kawo ta.

Ni ɗan sa-kai ne a Wikipedia, kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara. Ba a biyanmu ko sisi. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da na'urorin da kundin yake kai, kuma da gudummawar masu karatu take gudana, shi ya sa ba za ka taɓa ganin tallar sabulu ko ta waya a gefen muƙala ba. Muna da 'yar ƙungiya ta masu gyara, mukan haɗu mu koyar da sababbi, mukan kuma shirya gasar rubutu lokaci zuwa lokaci. Yawancinmu ɗalibai ne da ƙananan ma'aikata, da waya muke aikin, kuɗin data ma wani sa'in sai an yi dabara.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ya ɗauki nauyin karatuna tun rasuwar mahaifina har na gama. Yana da kamfani, kuma kamfanin ya yi girman da har wani edita da ban sani ba ya rubuta muƙala a kansa. A cikin muƙalar akwai sakin layi guda da ke ba da labarin rigimar da aka taɓa yi tsakanin kamfanin da ma'aikatansa a kan albashin da aka riƙe. Jaridu sun buga labarin a lokacin, kuma marubucin ya kawo madogararsa daidai yadda ƙa'ida ta ce. Kawu ya gano cewa duk wanda ya nemi sunan kamfanin a Google, wannan shafin yake fara gani. Ya kira ni ya ce tunda ni ɗan gida ne a wurin, in shiga in cire.

Bai tsaya nan ba. Ta hannun wani ma'aikacinsa ya aika wa ƙungiyarmu tayin ɗaukar nauyin gasarmu ta gaba: kwamfutoci ga waɗanda suka yi fice, data ga duk wanda ya shiga, da wurin taro. Sharaɗinsa biyu ne, a sa tambarin kamfanin a sanarwar gasar, kuma a sa rubutu a kan kayayyakin kamfanin da tarihin mai shi cikin jerin batutuwan da za a yi gasar a kansu. A ƙungiyar babu wanda ya san mai kamfanin kawuna ne sai aboki guda. Ni kuma ina cikin 'yan kwamitin da aka ɗora wa alhakin karɓar tayin ko mayar da shi.

Tayin ya raba mu biyu, har wasu sun daina gaisawa kamar da. Masu son a karɓa ba mutanen banza ba ne, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa haɗin gwiwa da hukumomi ba baƙon abu ba ne a Wikipedia. Tun 2010 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya karɓi wani edita ya zauna a cikinsa yana taimaka wa ma'aikata su sa iliminsu a kundin, daga nan kuma ɗakunan karatu da jami'o'i da yawa suka bi sahu, wasu ma albashi suke biya. Suna cewa a sashen Wikipedia na Jamusanci kamfani na iya buɗe asusun edita da sunansa a tantance shi, ya yi gyara a fili kowa na gani. To me ya sa mu da ba mu da komai za mu ture kwamfutar da aka miƙo mana? Wata 'yar'uwa a cikinmu, wadda ta rubuta muƙaloli masu yawa a kan lafiyar mata da wayar da fuskarta ta tsage, ta ce masu ƙin tayin duk masu kwamfuta ne a gida. Maganar ta yi mini zafi, don akwai gaskiya a cikinta.

Ɗaya ɓangaren, wanda wani dattijo da ya koya wa yawancinmu aikin yake jagoranta, cewa yake yi wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya tuna mana cewa wannan rigimar ta kusa kai shekarun kundin kansa. An buɗe Wikipedia a Janairun 2001, a Fabrairun 2002 kuma da aka ji ƙishin-ƙishin kamfanin da ke riƙe da ita a lokacin zai iya fara sa talla, yawancin masu rubutun sashen Sifaniyanci suka kwashe aikinsu suka tafi suka kafa nasu kundin, Enciclopedia Libre, a na'urar wata jami'a a Sifaniya. Ba a ma sa tallar ba, zancenta kawai aka yi. Bayan haka Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya ce ba za a sa talla ba, adireshin kundin ma ya koma daga .com zuwa .org a wannan shekarar. Ya kuma kawo mana abin da ya faru a 2012 da shirin rubuta muƙaloli a kan Jibralta, wani ƙaramin yanki a kudancin Sifaniya da ke ƙarƙashin Birtaniya, shiri mai kyau a ido, har aka gano cewa ɗaya daga cikin amintattun reshen Wikimedia na Birtaniya yana yi wa gwamnatin wurin aikin kwangila, alhali muƙalolin Jibralta suna ta fitowa a shafin farko. Mutumin ya sauka daga kujerarsa. Da dattijon ya zo kan North Face, kamfanin tufafin hawan dutse da a 2019 masu yi masa talla suka sauya hotunan wuraren yawon buɗe ido da nasu masu ɗauke da tambarin kamfanin, har suka fito da bidiyo suna alfahari sun hau saman Google ba tare da biyan komai ba, sai ya ce gidan tarihi yana ba ka abin da ke cikin rumbunsa ne ka rubuta yadda ka ga gaskiya, kamfani kuwa shi ne batun rubutun, kuma shi ke riƙe da kyautar.

Ina zaune ina jin duk wannan, Malam, bakina a rufe.

A kan batun goge sakin layin na san abin da ƙa'ida ta ce. Tun Yunin 2014 sharuɗɗan amfani da kundin suka wajabta wa duk wanda aka biya don ya yi gyara ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki da wanda yake yi wa aikin, ko a shafinsa, ko a shafin tattaunawar muƙalar, wato inda editoci ke musayar ra'ayi a kanta, ko a taƙaitaccen bayanin gyaran. Kawu bai ce zai ba ni kuɗi ba, don haka aboki na ya ce wannan sharaɗin bai hau kaina ba. Amma sashen Turanci yana da wata ƙa'idar da ta fi wannan faɗi, wadda ta haɗa da rubutu a kan kanka, danginka, abokanka da wurin aikinka. Ba ta haramta kai tsaye ba, sai dai ta yi gargaɗi mai ƙarfi kada ka taɓa muƙalar da hannunka, ka je shafin tattaunawa ka faɗi ko kai wane ne, ka kawo gyaran da kake so, wani da ba ruwansa ya duba. Kuma ni kaina ina tambayar raina, mutumin da ya biya kuɗin makarantata shekara da shekaru, ana iya cewa bai biya ni ba?

Na yi ƙoƙarin nuna wa kawu cewa gogewar a ɓoye ta fi barin sakin layin haɗari, ko don kamfanin nasa. Duk gyaran da aka yi a Wikipedia yana nan a tarihin shafi, da sunan mai shi da lokacin, ba ya ɓacewa. A 2007 wani ɗalibi mai suna Virgil Griffith ya ƙirƙiro WikiScanner, manhajar da ta riƙa haɗa gyare-gyaren da aka yi ba suna da ofisoshin da suka fito daga ciki, manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati suka sha kunya. A 2011 aka bankaɗo kamfanin gyaran suna na Bell Pottinger a Ingila yana wanke shafukan abokan cinikinsa da asusun boge. A 2013 aka toshe asusu sama da 250 a binciken wani kamfanin Amurka mai suna Wiki-PR. A kowane ɗaya daga cikinsu abin da aka so ɓoyewa ya ƙara fitowa, aka kuma haɗa masa da sabon labarin yunƙurin ɓoyewar. Sai kawu ya nuna mini wani saƙo da aka aiko masa, wani yana cewa shi babban edita ne, zai tsabtace shafin ya kuma riƙa gadinsa idan an biya shi. Na ce masa irin waɗannan ne aka kama a 2015 a abin da ake kira Orangemoody, asusu 381 aka toshe a tashi ɗaya, suna karɓar kuɗi daga ƙananan 'yan kasuwa su buga musu muƙala, sannan su nemi dala 30 duk wata wai don kada a goge. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To ai shi ya sa na zo wurinka. Su baƙi ne, kai ɗana ne."

Abin da ya fi damuna shi ne kawu yana da hakki a wani ɓangare. An sasanta rigimar, an biya ma'aikatan, na ga takardar yarjejeniyar da idona. Amma jaridun da suka yi tururuwa ranar rigima babu wadda ta dawo ranar sulhu. Wikipedia kuma ba ta karɓar takardar da ke cikin aljihun teburin mutum, sai abin da wata kafa mai zaman kanta ta wallafa, wanda kowa zai iya bi ya tabbatar. Saboda haka muƙalar ba ta yi ƙarya ba, amma ta tsaya a tsakiyar labari, mai karatu zai tashi da zaton har yau ma'aikata na bin bashi. Ni da na koyar da sababbi wannan ƙa'idar ta madogara, na kare ta a gaban masu ƙorafi, yau ga ta ta faɗo a kan mutumin da ya rene ni, kuma na ga yadda take da ciwo daga wancan gefen. Ban canza ra'ayi a kanta ba, don in aka buɗe ƙofar "na gani da idona" kowa zai shigo da nasa idon. Sai dai ba zan iya kallon kawu in ce masa ba a zalunce shi ko kaɗan ba.

Mahaifiyata ta shigo maganar. Ba ta san Wikipedia ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Ita dai abin da ta ji shi ne ƙaninta ya nemi alfarmar layi huɗu a wurin yaron da ya ilimantar, yaron yana kawo masa dokokin Turawa. Ta ce mini, "Me zai rage ka?" Abokin nawa kuma ya kawo tasa mafitar, in ba shi abin da nake so a cire shi ya cire da asusunsa, ko in buɗe wani asusun da ba wanda ya san nawa ne. Na biyun dai shi ne ainihin laifin da aka toshe waɗancan ɗaruruwan a kansa. Na farkon ma a wurina duk ɗaya ne, hannuna ne a cikin rigar wani.

Abin da zuciyata ta fi karkata gare shi shi ne in faɗa wa 'yan kwamiti dangantakata da mai kamfanin in janye daga yanke hukunci, sannan in je shafin tattaunawar muƙalar in rubuta cewa ni ɗan 'yar'uwar mai kamfanin ne, an yi sulhu, ana neman madogara. In kuma ba kawu shawara ya nemi wata jarida ta bi diddigin sulhun ta buga, don a samu abin kafa hujja. Amma ina hango abin da zai biyo baya. Da zarar na faɗi dangantakar, masu ƙin tayin sun samu makami, tayin zai mutu, 'yar'uwar nan da ire-irenta su rasa kwamfuta ta dalilina. Za a kuma tambaye ni me ya sa na yi shiru ana ta muhawara. Kawu kuma a wurinsa ba wai na ƙi taimakonsa kaɗai ba ne, na je bainar jama'a na rubuta sunan kamfaninsa kusa da kalmar rigima da hannuna, na ƙara jawo ido kan abin da yake so a manta.

Akwai hanya mai sauƙi, in yi shiru in jefa ƙuri'ar ƙin tayin, in ce wa kawu na gwada gogewar an mayar. Ba wanda zai sani, sakamakon kuma zai yi daidai da ƙa'ida. Amma da ƙarya biyu za a gina shi, ɗaya ga abokan aiki, ɗaya ga kawu.

Malam, shin wajibi ne in bayyana dangantakar ko da na san ƙuri'ata ba za ta bi son kawu ba? Idan wajibi ne, wa ya kamata ya fara ji daga bakina, shi ko su? Kuma da waɗanne kalmomi ake ce wa mutum irin wannan a'a ba tare da ya ji an yi masa butulci ba? Na yi tunanin in nemi wani babba a dangi ya raka ni, amma ina tsoron hakan ya mayar da maganar tsakanin mutum biyu ta zama ta dangi gaba ɗaya. Kwamitinmu zai zauna nan ba da jimawa ba, kawu kuma ya sake kira jiya yana tambayar inda aka kwana.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Wani mai sauraron shirinka