Kun ce mu ga likitan mafitsara, amma a ina?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na daren Asabar ya ɓata mini rai. Likitan da kuka gayyato ya iya bayani, ban musa ba, amma duk wanda ya bugo waya amsa ɗaya yake samu: je ka ga likitan mafitsara. To a ina? Har aka rufe shirin mai gabatarwa bai yi masa wannan tambayar ba.

Mahaifina ya haura shekara 70. Da fitsari ya fara yi masa gardama, ya daɗe a banɗaki yana nishi sai ɗigo-ɗigo, muka kai shi wani asibitin kuɗi don mun ga an rubuta "ƙwararru" a allonsu. Suka sa masa robar fitsari, suka ce mu riƙa kawo shi ana canzawa. Haka muka yi ta zuba kuɗi. Dattijon da ba ya rasa sahun farko ya koma yin sallah a ɗaki, yana ɓoye jakar fitsari a ƙarƙashin babbar riga saboda kunyar jikokinsa. Ba a yi masa gwajin jini na PSA ba, wanda ake yi don duba lafiyar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba a ɗauki hoton mafitsara da ƙoda ba. Sai wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta faɗa mana cewa mai asibitin ba fanninsa ba ne sam.

Abin da ya kamata ku gaya wa jama'a ke nan. Likitan mafitsara likitan tiyata ne da ya ƙara shekaru yana samun horo bayan ya gama karatun likita. Irinsu galibi a asibitocin koyarwa ake samu, kamar Barau Dikko a nan cikin garin Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutum ya karɓi takardar turawa daga likitan da ya fara duba shi, ya tambayi ranar da suke ganin marasa lafiya, ya tafi da duk sakamakon gwajin da ke hannunsa. In kuwa asibitin kuɗi zai je, ya tambayi likitan da bakinsa: wannan ne fanninka? Kana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN? In aiki ya kama, kai za ka yi da hannunka? Wannan ba rashin kunya ba ne. Kuma ba duk kumburin furostet ne ciwon daji ba, ba kuma kowane ne sai an yi tiyata ba. Baba da ƙwayoyi aka fara masa, yanzu an cire robar, alhamdulillah.

Abin takaicin ma, kuna rufe shirin sai ga tallan mai magani yana rantsuwa zai narkar da furostet cikin mako guda. Wa kuke so tsofaffinmu su bi, likitan ko shi?

Sannan don Allah ku sauya lokacin shirin. Daidai kiran sallar Isha'i kuke farawa, dattawan da abin ya fi shafa duk suna masallaci.

Naku,
Mai sauraro daga Tudun Wada, Kaduna