Kada a sayi wili kafin a gama da birki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in ja hankalin masu sha'awar farfaɗo da tsofaffin motocin akori-kura, musamman matasan da ke kallon yadda Amurkawa ke yi wa Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972. Abin da ke damuna shi ne, da yawa wili mai ƙyalli suke fara saya, alhali shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe, domin girman birki da tsayin motar ne ke yanke wilin da zai shiga.

Farko a tsayar da shawara: motar kaya ce ko ta yawo? Daga nan sai a san yawan incin da za a sauke ta, wato a rage mata tsayi daga ƙasa. A gaban C10, hanya mai tsafta ita ce a canza ƙarfen da ke riƙe da taya, a sa wanda aka ƙera don ya sauke mota inci biyu da rabi, sifirin da sitiyari su ci gaba da aikinsu yadda suke. Gasa sifirin da wutar walda kuwa don ya lanƙwashe, wallahi ɓarna ce. Ƙarfen ya rasa ƙarfinsa, gefe guda ya fi wani zama, wata rana ya karye ana cikin gudu.

Baya ya fi wuyar sha'ani. Yawancin waɗannan motoci suna da dogayen hannuwa biyu da sifirin mai murɗe, da sanda guda a gicciye da ke hana aksul gocewa. Da zarar an sauke motar inci huɗu, sandar nan sai ta tura aksul gefe guda, taya ɗaya ya riƙa gogar bodi. Maganinsa sanda mai zare da ake iya ƙara mata tsawo ko ragewa. In saukarwar ta kai inci shida, aksul zai riƙa dukan casis, dole a yanke masa gurbi a ƙarfafa wurin da faranti. A sa gajeren shokazoba, a kuma sake auna kwanar farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga aksul, don in ta kauce, mota za ta riƙa rawa, kuros, wato mahaɗin farfelar, ya mutu da wuri.

Sai birki, inda rai yake. Daga 1967 zuwa 1970 ƙafafu huɗun duk birkin ganga ne, da noti shida a da'irar inci biyar da rabi. A 1971 aka koma birkin faifai a gaba, da noti biyar a da'irar inci biyar. Wanda ya canza gaba ya bar baya da noti shida, sai ya riƙa yawo da safaya biyu. Kuma mastar birkin ganga, wato famfon da ke tura man birki, ba ta dace da faifai ba: tana riƙe ɗan matsi a bututu ko an ɗaga ƙafa, sai pad, wato abin da ke kama faifai in an taka birki, ya riƙa gogar faifai, ya yi zafi har ya yi hayaƙi. A canza masta, a haɗa da bawul ɗin da ke rage wa ƙafafun baya matsi. Bayan akori-kura ba nauyi in ba kaya, in tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, motar juyawa za ta yi a tsakiyar titi. Man birki DOT 3 ko DOT 4, kada a gauraya da DOT 5.

Yanzu ne za a zo kan wili. Faifan inci 12 yana shiga wilin inci 15, na inci 13 yawanci sai wilin inci 17. A yanko katako daidai faɗin tayar da ake so, a ɗaura a mazaunin wili, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a danna motar ƙasa, a bar aƙalla faɗin yatsa tsakaninsa da kalifa (gidan da pad ke ciki) da bodi. Tsayin taya ma lissafi ne. Taya 275/60R15 tsayinta inci 28 ne. Wanda ya sauka daga inci 29 zuwa 26, mitarsa za ta nuna gudun da ya zarce gaskiya da kusan kashi 12 cikin ɗari.

A nan gida kuma, inda Peugeot 504 da tsohuwar Hilux ke ɗaukar buhuna, ana ƙara ganyen sifirin a baya don mota ta ɗauki kaya, a bar birki yadda yake. Iyayen gidanmu makanikai, don Allah ku riƙa gaya wa masu mota gaskiya: taya mai siririn gefe a kan wilin inci 20 ba ta jure ramukan hanyoyinmu. In an gama aiki a yi alaimen, a gwada birki a fili babu mutane, sannan a sake ɗaure noti bayan tafiyar kilomita 80.

Naka,
Wani mai karatu daga Kaduna