Don Allah a riƙa liƙa makin CA kamin jarabawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina son ka bani ɗan fili in yi magana da lakcarorinmu, kuma iyaye su saurara don da yawanmu bamu san yadda ake lissafin makin jami'a ba, yaro yace CGPA ɗinshi, wato matsakaicin poyin ɗinshi na duk kwasa-kwasan da ya yi, 3.4 sai muce masha Allah mu wuce, ni kaina haka nike sai da abin ya faɗo gidana.

Kowane kwas maki 100 ne, CA wato tes da asayimen 30 ko 40, sauran na jarabawa. Daga 70 zuwa sama A ne poyin 5, daga 60 zuwa 69 B poyin 4, 50 zuwa 59 C poyin 3, haka har ƙasa da 40 wanda shine F, sifili, kari oba kenan, wato sai an maimaita kwas ɗin. Sai a ninka poyin da yunit ɗin kwas ɗin, wato nauyin da aka ba kwas ɗin, a tara duka a raba da jimlar yunit. Kaga mai 60 da mai 69 duk jirgi ɗaya ya kwaso su, amma maki ɗaya tsakanin 69 da 70 a kwas mai yunit 3 poyin 3 ne cif.

To ɗana dake wata jami'a ya rubuta tes ya ci 18, har takardar aka maido mishi da jan biro a kai, tana nan cikin jakarshi. Jarabawa ya ci 52. Ka haɗa ka gani, 70 ne, A. Da sakamako ya fito sai ga C, ashe gurbin CA ɗin ba'a shigar da komai ba. Kwas mai yunit 3, maimakon poyin 15 ya tashi da 9. Yaron da ke fafutukar ya riƙe CGPA 3.50 don ya fita da tu wan, wato babban mataki na biyu na digiri, wanga ba ƙaramin rami bane.

Da yaje aka ce sanet, wato majalisar malaman jami'a, ta riga ta amince da sakamako sai dai ya rubuto takarda. Yau ofishin jarabawa gobe shugaban sashe, malamin kuma baya gari, kuɗin kabu-kabu kaɗai da muka kashe cikin zafin Sakkwato ya isa. An gyara daga baya alhamdulillahi, amma don yana da takardar ne a hannu, wanda ba'a maido mishi tashi ba fa mi zai nuna?

Ni ban ce mugunta bace, malami ɗaya da ɗalibai ɗaruruwa dole a yi kuskure. Abinda nike roƙo kawai a liƙa makin CA a allon sanarwa ko a tura guruf ɗin WhatsApp na aji sati biyu kamin jarabawa, da lambar rijista ba suna ba, duk wanda baiga nashi ba yaje tun kan a kai gaba. Wasu malaman suna yi, Allah ya saka musu, hukumar makaranta ta maida shi doka ga kowa.

Naku,
wani uba daga Mabera, Sakkwato.